An Haifi Jikata a Kan Buhunan Citta

Narayi, Kaduna
Yuli, 2000

Zuwa ga ɗana Ernest,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Legas. Ubangiji ya tsare ku, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, mamanka ma ƙafar ta yi sauƙi. Da hannuna nake rubuta maka wannan, karatun ajin yamma bai tafi a banza ba. Albishirinka, ƙanwarka Celina ta sauka ranar Asabar, mace, jawur da ita, ga gashi cike da kai. Da aka miƙo mini ita sai da na yi rawa a gaban mutane.

Amma ka san inda aka haife ta? A bayan a-kori-kurarka, wadda ka bar wa mijinta Sylvanus yana dakon kaya. Tun da aka ƙara kuɗin fetur mutumin nan ya zama wani iri. Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu, ya ƙi gyarawa, sai ya zura kara a tanki ya duba. Galan ɗaya yake saye wurin 'yan bumburutu, in ya ga gangara kuma ya kashe inji, wai motar tana shan mai kamar rami. Ran nan da hantsi naƙuda ta tashi, muka sa Celina a gaban mota za mu asibiti, ni da mamanka muka hau baya. Muna gangarowa ya kashe inji yadda ya saba, da mace mai naƙuda a gefensa! Muka kai ƙasa, mota ta ƙi tashi. Ni da furfurata na tura har numfashina ya sarƙe. Wata mai tuyar ƙosai, Dije, ita ta bar kaskonta a wuta, ta kira mata suka kewaye motar da zannuwa, ta karɓi haihuwar a kan buhunan citta. Allah ya saka mata.

Da na yi wa Sylvanus faɗa, cewa ya yi ai soja sun tafi amma mai bai sauko ba, duk direbobi haka suke yi. Yanzu kuma wai zai ɗauki uwa da jaririya a motar nan zuwa Zonkwa, iyayensa su gani. Hanyar nan gangara nawa ce? Na karɓe makullin, yana aljihuna, ko coci da shi nake zuwa. Motarka ce, kai za ka yanke: ko ka ba ni izini in kai ta wurin makanike a Sabon Tasha a gyara allura da kafireto, ko a sayar. Kafin amsarka ta zo, in mutanen Zonkwa suna son ganin jikata, su hau bas su zo Narayi, akwai tabarma.

Ka gaishe da matarka Vicky da jikokina su Nuhu. Mamanka da Celina suna gaishe ku.

Ni ne babanka,
Musa