Fijon Baba Ta Ɗauki Tumatir

Kura, 5 ga Fabrairu

Ƙanena Garzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Surayya da yara. Ya aikin Abuja? Mu nan sai godiya, noman rani ya kankama.

Na ga saƙonka. Wato ka samo wa a-kori-kurar Baba mai saye, kuma ranar Asabar, a baje kolin tsofaffin motoci na Kano, za a miƙa masa makulli. Sannu da ƙoƙari. Shekara goma sha ɗaya Fijon nan tana kwance a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, ba ka taɓa tambaya ba sai da aka tura maka hoto.

Bari in gaya maka abin da hoton bai nuna ba. Maigidana, Baban Rukayya, injin ban-ruwa yake gyarawa, ba wanda ya koya masa gyaran mota. Shekara biyu yana kankare tsatsa da hannunsa. Ya sa mata injin mai silinda shida, ya sassauto da ita ƙasa kaɗan, ya ɗaura faffaɗan tayoyi da salansa biyu. Fenti jan albasa, sau bakwai yana fesawa yana gogewa. Kujerun jar fata ce daga majema. Ni na riƙa karanta masa littafin motar ina fassarawa, har na san kafireto fiye da yadda na san 'ya'yanka. Ranar da ya tayar da ita, masu shanyar shinkafa suka bar aiki suka zo kallo, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka.

Na san a gado rabonka biyu ne, nawa ɗaya. Da shari'a ba ni da faɗa. Da kai nake.

Yayarka,
Bilkisu

Kura, 10 ga Fabrairu

Garzali,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa ka huce, ka kuma gaida mutanen gida.

Tun da ka zagi mijina a waya ba ka bari ya yi bayani ba, ga shi daga bakina. Ranar Asabar mun fito da hantsi za mu baje kolin, mota tana ƙyalli, ina gaba. Ba mu yi nisa ba sai ga Malam Ɗanbaba, abokin Baba, a bakin titi da kwandon tumatir goma sha takwas. Motar da ya yi ciniki ba ta zo ba, rana ta fara dukan kayan. Baban Rukayya ya taka birki bai shawarce ni ba. Na yi masifa, ban ɓoye maka ba. Abin da ya ce kawai, Baba bai taɓa wuce manomi da kaya a hanyar nan ba. Da hannunsa ya jera kwandunan a kan fentin da ya hana ƙuda sauka.

Sai da muka sauke a kasuwar 'Yan Kaba muka shiga baje kolin, bodi duk ƙarzo, ruwan tumatir na ɗiga. Alhajinka mai sayen ya zagaya sau ɗaya, ya toshe hanci, ya fasa. Kyauta ma ba mu samu ba. Amma dattawa sun bar motocin da aka lulluɓo da mayafi sun kewaye tamu, ana ta cewa a sake tayar da ita a ji. Shekara ashirin da biyu ina auren mutumin nan, ban taɓa jin girmansa kamar ranar ba.

Ga shawarata. Ka ɗauki rabona na gonar bakin kanal, ka bar min motar. Na san gonar ta fi daraja, ni ma na je makaranta. Malam Abdulsamad, limaminmu, ya yarda ya shaida, sai ka zo Juma'a ka sa hannu.

Jiya Baban Rukayya ya ɗauko gwangwanin fenti zai rufe ƙarzon. Na karɓe na kulle a ɗakina.

Allah ya jiƙan Baba, ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Bilkisu