Kwandon Mangwaron Nasrullah

Talata, 25 ga Yuni
Allah ya ja zamanin Mai Shari'a Nasrullah, zakin kotun ɗaukaka ƙara ta Lahore, wanda bai taɓa tsoron minista ba, sai mangwaro. Benci ɗaya muka zauna a firamare nan Multan, ni ke ba shi amsar lissafi. Shekara ashirin da shida ina aika masa kwandon farko na mangwaron chaunsa daga rumfata, shekara ashirin da shida yana dawo da shi a ɗaure. Wai watarana ƙarata na iya zuwa gabansa. Ni Khuda Bakhsh, da ko ƙofar kotu ban sani ba!

Juma'a, 28 ga Yuni
Ya yi ritaya yau. Lauyoyi sun jera jawabai, an ce har da mai share hawaye. Matata Shamim ta ce, "Sai ka huta da zubar da mutunci." Ni kuwa na koma kan mangwaron da zan aika masa. Ina zaɓe.

Laraba, 3 ga Yuli
Na aika kwandon gidansu na gado, tunda ya dawo gari. In wannan ma ya dawo, to ba doka ba ce, ni ne ba ya so. Gara in sani.

Asabar, 6 ga Yuli
Shiru. Ciniki lafiya. Na yi wa wata mata tsawa ba dalili.

Lahadi, 7 ga Yuli
Sai ga kwando a keke-napep. Bayansa tsoho Nasrullah ya sauko, ba ɗan sanda, ba direba, yana dogara lema.
Na ce, "Ranka ya daɗe, yau da kanka za ka wulaƙanta ni?"
Ya ce, "Rufe min baki, Bakhshu, ka ba ni wurin zama. Suga gare ni. Likita ya ce ko yanki ɗaya kada in sha."
Dariya har na riƙe ciki. Shi ma. Ya ɗauki guda ya daɗe yana shinshinawa, ya ce, "Kai ka sha, ni in kalla." Na sha uku, ina tsotsar ƙwallon da ƙarfi don mugunta. Ya kira ni ɓarawon sikeli a gaban masu saye.

Alhamis, 1 ga Agusta
Kullum yana nan bayan la'asar. Jiya ya raba rigimar masu dako biyu, ya saurari kowanne har suka gaji suka shirya da kansu. Na sayo kujera mai jingina, rumfa dama tana buƙata. Shayi kuma ba suga muke sha, ni saboda haƙorina ne.
Chaunsa ta kusa ƙarewa, bai ɗanɗana ba. A da doka ta hana, yanzu likita. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana soke hukuncin wasu, wannan kuma a wace kotu zai ɗaukaka?