Gilasanki Goma Sha Biyu, Rahila

Zuwa ga matata Rahila, Maman Alheri,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina hutawa inda babu ciwo. Ni da Alheri muna nan Palladan, muna lallaɓawa. Na zaɓi in rubuta miki a fili, inda abokan aikinki za su gani, domin na yi miki laifi kuma na gaji da ɓoye shi.

Kin tuna ranar da kika fara kai ni ɗakin gwajinku a Samaru? Kika nuna mini ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa, an shafe shi da ƙarfen kobalt wanda ɓawon albasa ma ya fi shi kauri. Kika tsoma shi cikin wani ruwan sinadari, kika jona wayoyi, kika ba shi wutar da ba ta kai ta batirin tocila ba. Ƙarfin maganaɗisun jikinsa ya mutu. Kika juya wutar, ya dawo. Ni malamin tarihi ne a sakandaren Sabon Gari, ban gane komai ba sai murnar da ke fuskarki. Kika ce, "Ishaku, in wannan ya yiwu, kwamfuta za ta riƙa adana bayanai ba tare da ta zuƙe wuta ba."

Shekara huɗu kina fama. A ɗauke wuta kina tsakiyar shafa ƙarfen, aikin mako guda ya tafi a banza. Wani gilashin ya amsa wutar sau uku, a na huɗu ƙarfen ya ɓare ya bi ruwa. Ki dawo gida ki zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Cikin duk waɗanda kika yi, goma sha biyu ne kawai suka jure.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ke, kika sa aka kawo su gida, wai ki riƙa ganin su. Suna cikin kwalba mai murfi, tare da wasu ƙwayoyi shuɗɗa masu tsotse danshi. Kika riƙe hannuna kika ce, "In ka ga ƙwayoyin sun koma ruwan hoda, ka gasa su a kasko har su dawo shuɗɗa. Danshi ne ke kashe su." Na ce to. Shi ke nan abin da kika roƙe ni.

Bayan jana'izarki na kulle ɗakin da kika yi jinya. Ba mantawa na yi ba, Rahila, kada in yi miki ƙarya. Na san kwalbar tana kan teburinki, kusa da tabaraunki da sauran maganinki, kuma ƙafata ta ƙi shiga. Kullum sai in ce gobe. Haka damina ta zo ta wuce.

Makon jiya Hadiza, ɗalibarki mai zama a Bomo, ta zo. Ta ce awo ɗaya ya rage a yi a kan gilasan, sai a tura takardar aikin a buga ta da sunanki a sama. Na buɗe mata ɗakin. Ƙwayoyin sun daɗe da canja launi, gilasan duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ta daɗe tana kallon su, sannan ta naɗe kwalbar a mayafinta ta tafi.

Bayan kwana uku ta dawo. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai amsa wutar ba. Ba ta ɗora mini laifi ba, da ma ta ɗora. Cewa kawai ta yi, "Baban Alheri, a taimaka mini da littafin da Malama take rubuta awonta." Na ba ta. A ganinta sai an yi shekara biyu kafin a sake samun irinsu, ita kuwa watanni suka rage mata a makaranta.

Masoyiyata, kin ba ni amanar 'yarki, ina riƙe da ita. Ta fara kitso da kanta, bai kai naki ba amma tana ƙoƙari. Ɗayar amanar kuwa na kashe ta da hannuna. Ki gafarta mini.

Ubangiji Ya ba ki hutawa ta har abada. Ya ƙarfafa hannun Hadiza, Ya raya mana Alheri cikin tsoronsa. Ni kuma Ya yafe mini, Ya ba ni fuskar da zan dube ki da ita ranar da za mu sadu. Amin.

Mijinki har gobe,
Ishaku