Saƙon Inna Zuwa Ƙasan Teku

Guangzhou, Yuli 2008

Zuwa ga Yaya Jumai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya maigidan da yara? Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Ni lafiya lau, sai zafi da 'yan sanda. Saboda wasan Olamfik ɗin nan, ko Masallacin Huaisheng za ka sai ka laluba aljihu ka ji fasfo na nan.

Yaya, maganar nan ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba abokina Isufu takardar ya kawo miki hannu da hannu. Ki samu wuri ki zauna.

Kin san Laoban Liang, mai ɗinka mana wandunan jins a Xintang. Mutumin nan in ba ya masana'anta to yana ƙasan teku. Ya nuna mini hotuna: duwatsun murjani, kifaye kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata, da wani jirgin yaƙi da ya nitse a tekun Filifin tun zamanin kakanninmu. Wallahi na kasa ɗauke ido. Ya ce da an rufe wasannin za su je nutso, in biyo su. Ban san sanda bakina ya ce to ba.

Na san me za ki ce, ban manta ba. Ina goye kwalekwale ya kife da Baba a kogin Kwara a Yawuri, ko hularsa ba a gani ba. Tabon bulalar da Inna ta yi mini ranar da na shiga kududdufin bayan gida yana nan a ƙwaurina. Ba zan tafi ba da izininta ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Don Allah ki lallaɓa ta, ke kaɗai take tsayawa ta saurara.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Shitu

Guangzhou, Agusta 2008

Yaya Jumai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ni kam ba na jin daɗin raina.

Haba Yaya! Lallaɓawa na ce, ba ki sauke mata maganar kamar buhun gero ba. Tun ranar ba ta karɓar wayata. Matata Mas'uda ta ce in ta miƙa mata sai ta juya baya ta kama carbi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tsorona ɗaya, kada ta yi mini baki.

Na fara koyo a wurin ninƙaya na wani otal. Ana goya maka tukunyar iska, a sa maka bututu a baki, da tabarau a ido, da takalma irin ƙafar agwagwa. Ranar farko ruwa ya shigar mini tabarau, na zabura na fito ina tari, yaran Sinawa suna ta dariya. Isufu ya dawo, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Liang kuwa har ya yanki tikiti, komai ka ce masa sai ya ce ba matsala.

Kin tambaye ni me nake nema a can. Yaya, na gaji da tsoro. Ƙato da ni, ga gemu, amma in motarmu ta hau gadar kogin garin nan runtse ido nake yi. Ba na son ɗana ya gaji wannan.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai jiya. Liang ya ce akwai mutanen da suka nitse tare da jirgin, ba a taɓa fito da su ba, shi ya sa ba a taɓa komai a ciki. Ki gaya wa Inna har wannan, kada ta ji a bakin wani. In ta ce a'a, ko ta ci gaba da shiru har ranar tafiya, zan yaga tikitin, Liang ya yi haƙuri.

Naki,
Shitu

Guangzhou, jajibirin tafiya

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Allah ya saka miki, na janye ƙorafina.

Inna ta kira. Ina tsakiyar kasuwar Baima ana ɗaure kaya na ga lambar gida. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta tambaya ko gaskiya ne akwai mutane a jirgin nan da ba su da kabari. Na ce haka aka ce. Ta tambaya ko ruwan Kwara teku yake zuba. Na ce e.

Sai ta ce duk jajibirin salla tana kallon 'ya'yan maƙwabta suna tafiya maƙabarta gaida iyayensu, ita ba ta da inda za ta aike ni. Tunda ruwa duk ɗaya ne, in na sauka in yi sallama yadda ake yi wa mutanen kabari, in yi wa Baba addu'a, in ambaci sunansa. In ce masa yaran sun girma, babu wanda ya kwana da yunwa.

Yaya, na tsuguna tsakanin dilolin kaya na yi kuka, 'yan dako suna kallona. Na ce mata da bututu a baki ba a magana. Ta ce ko lokacin da Baba yake raye ba sai ta buɗe baki yake jin ta ba.

Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu ɗan aike ne ni. Kafin ta ajiye wayar ta ce in isar da saƙon in fito, kada in kuskura in daɗe, ruwa ya riga ya karɓi rabonsa a gidanmu.

Ku sa ni a addu'a. Ki riƙe mini hannun Inna har in kira.

Ƙaninki,
Shitu