Jan San da Na Saya

Litinin, 4 ga Mayu, 1981
Fari yana tari. Ɗaya ne daga shanun huɗa biyu da marigayi Malam, maigidana, ya bar wa ɗana Aƙilu. Na ce masa sakaci ne. Mutumin da rana ke fitowa bai yi asuba ba, me zai lura da shi a turke? Ya sunkuyar da kai.

Asabar, 9 ga Mayu
Goje, ɗayan san huɗar, shi ma ya kamu. Sun buɗe ƙafafun gaba, sun miƙa wuya, numfashi da nishi. Jan san da na sayo a Funtua da rani ne kaɗai ke cin harawarsa lafiya. Na nuna wa Aƙilu shi, na ce, "Ka ga abin da aka zaɓa da hankali."
Ya ce idan shanun suka faɗi, ba zai yi noman hannu ba, Kaduna zai tafi masaƙa. Ina jin tsorata ni yake so ya yi.

Alhamis, 14 ga Mayu
Tsoho Manu ya zo daga ruga. Wai ciwon huhu ne, a samo tsokar huhun dabbar da ta mutu, a tsaga bayan hancin masu lafiya a cusa, haka iyayensu ke yi. Na ce ban yi shekara biyar a sakandare don a yi wannan a gidana ba. Ya daɗe yana kallon jan san. "Hajiya, wannan fa daga wane garke?" Na ce ba ruwansa.
Na aika Malumfashi an sayo fanisilin. Da kaina na karanta takardar.

Laraba, 20 ga Mayu
Kwana shida ana allura. Fari ya faɗi da hantsi, an samu an yanka.

Talata, 26 ga Mayu
Malam Donatus, malamin dabbobi, ya zo a babur. Haifaffen Funtua ne, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ya ɗauki kwalbar ya yi murmushi. "Hajiya, kin yi wa iska allura." Wai fanisilin ɓawon ƙwayar cuta yake fasawa, ita kuwa wannan ba ta da ɓawo ko kaɗan. Takan manne wa ƙwayoyin halittar huhu, ta dame su da gubarta har su mutu ɗaya bayan ɗaya, huhun ya daskare kamar hanta. Na fahimta sarai, mun yi a aji huɗu. Abin da ba mu yi ba: wani lokaci jiki kan kewaye mataccen wurin da tauri, dabba ta miƙe kamar ta warke, cutar na raye a ciki, tana fesa wa na kusa da ita.
Ya tambayi wanda ya shigo turken daga baya. Aƙilu ya ce bai riƙe ba.

Laraba, 27 ga Mayu
Goje.

Laraba, 3 ga Yuni
An yanka jan san bisa umarnin Malam Donatus. Aƙilu yana gona, ni na tsaya. Mahauci ya tsaga huhun, sai ga dunƙule kamar ƙwallon goruba, cikinsa ruɓaɓɓe. Sa mai sheƙi haka! Malam Donatus ya dube ni, ya sauke murya. "Ba mai ganewa a kasuwa, Hajiya." Ban nemi lallashinsa ba.
An yi ruwan shuka jiya. Garma na jingine a zaure.

Juma'a, 12 ga Yuni
Aƙilu ya tafi Kaduna. Na shirya abin da zan gaya masa kan salla da abokan banza da matan bariki. Da muka isa bakin titin Dayi sai na ji kaina ina cewa, "Wannan jan san..."
"Na sani, Inna. Tun ranar da Baffa Manu ya tambaya."
"Shi ne ba ka faɗa ba?"
"Don ki taimake ni kika saya."
Motar ta zo. Na miƙa masa ƙullin dambu. Nasihar tana nan, wata rana.

Lahadi, 14 ga Yuni
Na aika wa Manu goro. Na shafe bakin garma da baƙin mai na shigar da ita ɗakin Aƙilu. Tsatsa ce ba na so, ba wani abu ba. Yau asuba ta kuɓuce mini, sai da rana ta fito. Ba wanda ya ce da ni komai.