Mun Turara Daddawa

Zakirai, ranar Litinin

Zuwa ga angona Sama'ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya birnin, ya zafi? Mu nan sai godiya, ban da gwiwar nan da ta ƙi ni.

To maigida, labari ya iso. An ce ka ajiye aikin kamfanin talla, da kujerarka mai juyawa, za ka buɗe naka na tallata kayan mutane a waya. Ni fa ban auri mai zaman banza ba, ka sani. Amma na tuna kana shekara bakwai ka sayar wa Malam Zaharaddini ƙuli-ƙulina, shi da ba haƙori ko ɗaya, sai hankalina ya kwanta.

Ubanka ne dai, ɗan nan nawa. Tun da ya ji bai ce uffan ba. Uwarka ta faɗa mini ka ce in bai sa albarka ba kafin wata ya mutu, za ka koma ka roƙi tsohon aikin. Kada ka yi gaggawa. Zo ka fara da daddawarmu kamar yadda ka ce, mu shida muna jiranka.

Ka gaida abokan zamanka.
Amaryarka, Larai

Zakirai, ranar Jumma'a

Angona,

Ina gaisuwa, da fatan ka koma lafiya. Har yau in na tuna ranar da ka zo ɗaukar mu bidiyo sai na yi dariya ni kaɗai.

Laifina ne, na amsa. Ni na ce baƙon ido zai gan mu, a ɓoye baƙaƙen tukwane a bayan rumbu. Sauda, ɗaya daga cikinmu, ta aro kwanukan jeren surukarta, muka sha atamfar Sallah, muka cika gida da turaren wuta don kada mutanen waya su ji warin kalwa. Wa ya gaya mana waya ba ta da hanci?

Abin da ya burge ni, ba ka yi mana dariya ba sai da ka ci tuwo. Sannan ka roƙe mu mu fito da tukwanenmu, ka kwana uku kana jiran kalwa ta nuna a cikin kwando, kana tsugune cikin hayaƙi da farar rigarka. Da ka nuna mini hannuna a wayar yana mulmula daddawa, sai na ga hannun uwata. Na juya kai don kada ka gani.

Yanzu wayar Sauda ba ta hutawa. Wata Hajiya daga Rijiyar Zaki ta kira ta ce daddawar tsohuwar nan mai bakin tsiya take so. Kai ka ja mini.

Ubanka ya wuce mu sau biyu a ranar, bai tsaya ba. Saura kwana tara wata ya mutu, ina lura.

Taka, Larai

Zakirai, ranar Laraba

Maigida ran gida,

Gaisuwa da fatan alheri. Zauna ka karanta wannan.

Tasi'u direba ya tona asiri. Ya ce ran kasuwar Gezawa ubanka ya bi rumfa rumfa yana nuna wa mutane bidiyonmu, wai wani yaro ne na wajenmu ya yi. Wani yaro! Kai ɗan fari ne, Sama'ilu. Bakinsa ba zai kama sunanka ba, balle ya yabe ka a gaban idonka. Ni ma shi ne ɗan farina, haka na yi masa shekara hamsin. Kai ka zauna birni ka manta, ka ɗauki kunya fushi ce.

Jiya da hantsi ya zo gaishe ni, ya daɗe yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce ragunansa huɗu na layya sun yi ƙiba, ko zan gaya wa mai wayar nan ya zo ya ɗauke su. Da ya kai ƙofa, ya ba ni baya, ya ce Allah ya yi wa sana'ar albarka. Na ce ban ji ba, kunnena ya tsufa. Sai da ya maimaita.

Ka zo Asabar. Na hana shi yi wa ragunan turare.

Amaryarka har gobe,
Larai