Hutun Auta

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da angona mai ƙiriniya. Ka gaya masa in bai zo gaishe ni ba, zan sake miji.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro, ko da yake hannuna bai da sauri. A waya ba na iya faɗa, tana ji. Tun da aka mayar da aikinta na jinya ɗakin yara a asibiti ba ta da ranar kanta. Ta rame, ga yawan kuka. Takan dawo ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, abinci ya huce a gabanta. Ran nan ta tsaya da allura a hannu, ta kasa tuna yaron da za ta yi wa. Sai shugabarsu ta tura ta wajen wata mai ba da shawara, wadda aikinta ke nan, sauraron ma'aikatan da aiki ya cinye.

Matar ta ce ba ciwon jiki ba ne, gajiya ce ta kai har zuci. Ta sa aka ba Auta hutun wata guda. Ta ce ta kashe waya, ta yi barci, kada ta duba kowa. Ni ma ta kira ni ofishinta ta yi mini bayani a hankali, na ce to.

Ina ganin sauƙi ya zo. Don murna har na tsaya a hanya na ba matar tela labari. Ka sa mu a addu'a.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin angona? Allah ya ba shi lafiya.

Washegarin da na rubuto maka, matar tela ta kawo jikanta da zazzaɓi, wai a duba shi kawai. Yaro yana rawar sanyi a falona, da wane baki zan ce su koma? Na ƙwanƙwasa wa Auta. Daga nan mai shago ya zo a auna masa jini. Kawunka ya kawo ledar magungunansa a karanta masa, har da tsokana, wai saura mu kafa allo a ƙofar gida. Na gwada cewa tana barci, suka ce ba komai, za su jira. Suka zauna, na ba su ruwa. Mutanen nan su suka tsaya mana da babanku ya rasu.

Mai shawarar ta koya wa Auta yadda za ta ce a'a. Na ji ta tana gwadawa ita kaɗai a ɗaki. Amma duk wanda ya shigo, ko ya goya ta tana jaririya, ko ya riƙe hannunta zuwa makaranta.

Hutun bai kai rabi ba ta goge fararen kayanta. Ta ce a asibiti ko ba komai akwai lokacin tashi, akwai mai karɓar ta. Mai shawarar ta yi ta kira, Auta ba ta ɗauka ba. Na je ofishin matar da kaina na roƙe ta. Ta ce ƙofarta a buɗe take, amma ba za ta iya jawo mutum ba.

Yanzu Auta ta daina kuka. Jiya wani yaro ya cika a hannunta, ta ba ni labari tana yanke farce. Ta ce ba ta ji komai ba. Ta tambaye ni ko sauƙin ke nan. Na tashi na ɗauko mata ruwa.

In ka kira ta, don Allah kada ka tambaye ta maganin tari. Ka kai yaron asibitin da ke kusa da ku.

Maƙwabta sun ga ta koma aiki, suna ta shigowa yi mini barka, wai ta warke. Ina amsawa.

Ka gaida matarka.

Mahaifiyarka.